Fitilar Hawan Dutse

Layina na ban ruwa ya faɗo cikin dare,
ƙarfe ɗaya, in Barau ya gama da injin.
Tsakanina da albasata akwai dutse.
In na zaga ta kwalta, awa guda da rabi;
in na haura ta kansa, minti ashirin,
da fatar gwiwa, ranar da aka yi rashin sa'a.

Keken na babana ne, har da dainamonsa,
ɗan ƙarfen nan mai goga kai a taya
yana kuka kamar gyare.
A miƙaƙƙiyar hanya babu kamarsa.
Amma da an fara hawa, numfashi ya soma gajarta,
sai hasken ya yi ja, ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya mutu.
Yana tare da kai muddin kana gudu.
Na san irinsa a cikin mutane.

Ranar kasuwar Shuwarin na tsaya gaban teburin Tsalha.
Ya baje su kamar kifi a faranti.
"Wannan ta goshi ce, inda ka duba nan take dubawa.
Caji ɗaya, kwana uku."
Na ce, "Kwana ukun kwali, ko na Allah?"
Ya yi dariya, ya yafa mana babbar rigarsa,
ni da shi a ciki, tsakar rana,
muka ƙirƙiri dare na ɗan lokaci
don mu ga wadda ta fi ido.
Na ɗauki ta goshin.
Ya ƙara min wata 'yar ja ta baya, wai gyara.

Daren farko komai fari fat.
Dutse ba inuwa, rami ba zurfi,
hanya ta kwanta lumui kamar daɓe.
Ƙwari suka taso daurin aure a fuskata,
na haɗiye biyu.
Na ɗaga kai zan gaida wani dattijo mai shanu,
ya kare ido da sanda:
"Ɗan wane ne ke haska fuskar manya?"
A kwanar tsamiya tayar gaba ta sami abin da ban gani ba.
Na tashi da ƙasa a baki,
fitilar tana can tana haska ganye.

Sai da na zubar da jini na gane:
hasken da ke fitowa daga inda idonka yake
ɓoye maka inuwa yake yi.
Sauke shi ƙasa,
kowane tsakuwa zai fito da tasa.

Na yanko robar tsohon tub,
na ɗaure tocila a kan keken, tamau.
Yanzu biyu gare ni:
ta ƙasa tana karanta min duwatsu,
ta goshi tana leƙa kwana kafin in kai.
Dainamon ban cire ba.
Ba ya yin komai sai kuka, amma kukan babana ne.

A ƙoli nakan kashe duka.
Dutsen bai gama huce zafin rana ba,
ina jin sa ta tafin takalmi.
Can nesa fitilun gari sun zube kamar gero,
ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana hauro min daga fadama.

Sannan gangara.
Yatsu biyu a birki, ɗuwawu a bayan sirdi,
sarƙa na dukan ƙarfe, haƙora na haɗuwa,
iska ta cika riga.
Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Hansatu ta ce, "Ka roƙi Barau mana ku yi musaya,
ya ba ka na rana."
Na ce zan duba.
Ba ta san ni na nemi na daren ba.

Ni kuma ban san, sai jiya,
cewa 'yar jar nan da nake cewa ba ta da amfani,
tunda ba mai bi na a baya sai duhu,
ita take kallo ta kan katanga,
tana hawa, tana ɓacewa, tana fitowa,
sai ta ga ta tsallake
take rufe ƙofa.